Tafarnuwar Ba Ta Yi Baƙi Ba

Teódula Bautista komadre ce a gare ni, wato ita ta riƙe mini 'yata ta fari a coci ranar baftisma, kuma tun daga ranar muke faɗa. Ba faɗan gaba ba. Ita ta ce miyata gishiri ya yi mata yawa, ni in ce kwandonta ƙasa ta fi abinci yawa a ciki. Haka muka tsufa a Santa Rita, gida da gida, shingen katako ne kawai a tsakaninmu, shi ma rabinsa ya faɗi ba wadda ta yarda nata ne ballantana ta gyara.

Mijinta Natalio gungume ne ya danne shi a wurin yankan katako na gari, tun ɗansu Crisóforo bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba. Ba ta sake aure ba. An nema, ba a ce ba a nema ba, amma wa zai iya da wannan bakin? Daji ne ya ciyar da su. Da damina ta sauka sai ta fita da sassafe da kwando da 'yar wuƙa, ta dawo da laimar kwaɗi iri-iri, ta gangara kasuwar kwari ta sayar. Da rani ta yi itace, ta tsinko na'ana'ar daji. Da haka ta yi wa yaron makaranta har ya zama mutumin ofis a birnin Oaxaca, mai takalmi mai ƙyalli, wanda in ya zo gida sai ya duba kujera kafin ya zauna.

Da gari ya gina 'yan ɗakunan baƙi a bayan coci, matafiya suka fara zuwa yawon daji, kwamitin gari bai yi dogon zama ba ya ba Teódula ragamar. Ita ke shiga da su ta nuna musu abin ci da abin gudu, ni kuma in jira su a filin bakin rafi da wuta da kasko. Abin da suka tsinta shi nake dafa musu. Doka ɗaya ce a wurinmu, kuma ba kwamiti ne ya kafa ta ba: wadda ta tsinta ita ke fara ci, kowa yana kallo, sannan a zuba wa baƙi. Shekara da shekaru Teódula ke fara kai loma, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi a hannunta.

Ni na fara gane idonta ya tafi. Wata safiya na shanya bargo a kan shinge, sai na ji ta tsaya tana gaishe shi da ladabi, har tana tambayarsa ya jikin matarsa.

Na ce, "Komadre, da wa kike magana?"

Ta ce, "Da bargonki. Ya fi ki hankali."

"Yanar ido ce ta kama ki, Teódula. Na daɗe ina lura."

"Yana ce a bakinki. Ki kama shi."

Na kama bakina, na rantse na kama. Amma ƙauye ne, wani ya ga ta zuba wa kaji tsakuwa a madadin masara, magana ta bi waya har ta isa ofishin Crisóforo. Ya bugo ya ce zai zo ranar Asabar ya bi baƙi cikin daji ya gani da idonsa. In abin da aka gaya masa gaskiya ne, ranar zai tafi da ita, a yi mata aikin ido, daga nan ta zauna wurinsa. Ya ce ya riga ya gyara mata ɗaki a bene.

Duk mun san yadda wannan tafiyar take. Haka aka tafi da Don Apolinar mai niƙa, wai za a wanke masa ido a dawo da shi. Idon ya wanku, amma bai dawo ba. Wanda ya je duba shi ya ce ya same shi a kujera yana kallon bango, ya manta sunan kowa.

Teódula ta zo gidana ranar Juma'a da yamma, ba ta ko zagi miyata ba, a nan na san abin ya kai mata. Ta ce, "Hermelinda, in yaron nan ya sa ni a motarsa, na gama. Me zan yi a bene? In ƙirga motoci?"

"Ko su ma ba za ki gani ba."

"Allah ya isa tsakanina da ke. Za ki taimake ni ko ba za ki taimake ni ba?"

Na taimake ta mana. Wa take da shi?

Asabar ta zo da yayyafi da hazo, har ba ka ganin hasumiyar coci daga ƙofar gida. Baƙin ba su da yawa: wani mai ƙaton ciki daga babban birni da matarsa, da wata doguwar Baturiya mai ɗaukar hoton duk abin da bai motsa ba, da wasu 'yan mata masu dariya. Na ba su kunun masara da mazarƙwaila da gurasa mai zafi, suka sha suna hura hannu. Crisóforo ya iso da sabon takalmin roba, ya sumbaci hannun uwarsa, ya tsaya yana leƙa fuskarta.

Ta ce, "Me kake nema a fuskata, ka ajiye wani abu ne? Kai, ka yi ƙiba. Matar nan taka ba ta barinka ka yi tafiya?"

Cikinsa ta taɓa da ta rungume shi, shi ya sa ta sani. Ya yi dariyar yaƙe.

A ka'ida ni kan bi gajeriyar hanya zuwa rafi, amma ranar na ce ƙafata na son motsi, na shige gaba. Duk inda na ga reshe ya gitta ko dutse ya zame, sai in ɗaga murya ina mita. "Wane ɗan banza ne ya bar wannan reshen a tsakar hanya?" "Ku dubi ramin nan na hagu, kwamiti ba su da aikin yi sai zama." Baƙin suka ɗauka tsohuwa ce mai masifa, kuma ba su yi kuskure ba. Teódula na bayana tana tsallake duk abin da na zaga.

Sauran kuwa ba ta buƙaci kowa ba. Ƙafarta ta san dajin. Ta san gindin kowane itace da ke haifar mata abinci duk shekara, sai ta durƙusa ta zura hannu cikin ruɓaɓɓen ganye ta shafa, ta sansana, ta yanke, ta rufe ramin da ƙasa. Laimar da ta riga ta buɗe ba ta ɓoye mata, hannu ya ishe ta. Ta kai su maɓuɓɓuga suka sha ruwa da tafin hannu har haƙoransu suka yi tsami don sanyi. Ta ba su ganye suka tauna, mai ƙaton ciki ya tofar yana tari, ta ce masa ai maganin masu haki ne, ya ƙara. Baturiya ta kwanta a kan gansakuka tana ɗaukar hoton wata 'yar laima ja, Teódula ta ce a gaya mata in ta ci wannan za ta ga kakanninta suna rawa. Kowa na dariya ban da Crisóforo. Shi yana can baya, hannu cikin aljihu, idonsa a kanta.

Can sai ya ce, "Inna, wane tsuntsu ne wancan a kan reshe?"

Allah ya sa tsuntsun ya yi kuka. Ta faɗi sunansa, ta ƙara da cewa, "Wanda kake harbi da danƙo kana kuskure, ka manta?"

Da rana ta ɗaga na ga abin na tafiya daidai, hanyar da ta rage kuma shimfiɗaɗɗiya ce, sai na wuce bakin rafi na hura wuta. Na dama miyar masara mai barkono, na dafa wake, na fara gasa gurasa. Suka iso a gajiye, wanduna duk laka, kwando cike. Na zazzage shi a kan tabarma na duba ɗaya bayan ɗaya kamar mai wanke ƙasa, ban ga ko ɗaya ta banza ba. Har na fara yi wa Allah godiya a zuciyata.

Sai ga Crisóforo ya fito daga cikin itatuwa, shi ne na ƙarshe, hularsa a hannu, yana murmushi irin wanda rabon da in gani tun yana ƙarami.

Ya ce, "Inna, ni ma na samu. Duba. Gwaiduwa ce, ko?"

Gwaiduwa ita ce sarauniyar laimar dajinmu. Tana fitowa daga ƙasa cikin farin kwanso kamar ƙwan kaza, in ta fashe sai ka ga kanta ja-ja ruwan gwaiduwa. Matsalar ita ce akwai wata fara da muke kira mai kisa, ita ma haka take fitowa. In suna ƙanana a rufe, hannu ba ya raba su, hanci ma ba ya rabawa. Wuƙa ake sawa a tsaga a duba launin ciki. Na cikin hular Crisóforo duk a rufe suke, ƙanana, fari fat.

Ya zuba mata su a tafin hannu, ya tsugunna a gabanta. Baƙi suka matso. Na ga yatsunta suna juya su a hankali. Tsagawa ba wuya, amma in ta tsaga me za ta gani? In kuma ta miƙo mini in duba mata, shi ke nan, ya samu abin da ya zo nema.

Na ce, "Kawo nan, komadre, in wanke miki."

Crisóforo bai ko juyo ba. Ya ce, "A'a, Doña Hermelinda, bar ta. Yau kin yi magana da yawa a hanya."

Ashe ya lura. Ɗan Natalio ne, ba wawa ba ne.

Teódula ta yi dariya ta ce, "Gwaiduwa ce mana. Ashe birni bai cinye ka duka ba." Ta zura su a aljihun zaninta.

"To in masu kyau ne me ya sa ba za a sa a tukunya ba?"

"Tukunyar baƙi? Kai, ka manta gidanku. Tsintuwar ɗa ta fari ai uwa ce ke ci, ba a raba ta da kowa. Na jira wannan tun kana zubar da majina."

Gaskiya ne, akwai wannan al'adar, sai dai yara ƙanana ake yi wa, ba mai furfura a gefen kunne ba. Amma baƙin suka ji daɗi, matar mai ƙaton ciki har da dafe ƙirji. Shi kansa Crisóforo ya sunkuyar da kai.

Ta zo bakin wuta ta juya mana baya, ta daddatsa su cikin tafin hannu ta watsa kai tsaye a ƙaramin kasko, ta kwarara musu jar miyar barkono kafin in ga komai. Shi yana tsaye a kafaɗarta. Sannan ta lalubi tafarnuwa a kwandona, ta ɓare ƙwaya guda ta jefa a ciki. Haka iyayenmu suka koya mana, haka nasu iyayen suka koya musu: in akwai dafi a kasko, tafarnuwa za ta yi baƙi. Ba wanda ya taɓa yi mana musu a kan wannan, ni ma kuma da shi na yarda ɗari bisa ɗari.

Da ya dahu ta tsamo tafarnuwar da cokali ta ɗaga ta saitin fuskata, ta ce, "Komadre, tafarnuwar nan taki ta bana ba ta da laifi. Dubi."

Na goge miyar da yatsa, na duba da kyau. Na ce, "Ai kuwa. Fara tas."

"To madalla."

Ta zauna a kan gungume ta naɗe gurasa ta cinye tas, ta suɗe kaskon. Crisóforo ya miƙa hannu zai ɗanɗana, ta buge hannun. Bayan nan ta kai lomar farko daga babbar tukunya kamar kullum, aka zuba wa baƙi.

Sun ci abinci ranar, ba laifi. Mai ƙaton ciki ya nemi ƙari har na fara tunanin ɓoye tukunyar. Aka sha shayin na'ana'a, aka zagaya da kwalbar meskal, giyar nan tamu mai zafi, 'yan matan suka kurɓa suna hawaye suna fifita baki. Yayyafi ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo ta tsakanin itatuwa. Crisóforo ya sha fiye da ƙarfinsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da gwiwar uwarsa, bai ko duba wurin ba. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ƙarya suka yi mini." Ta shafa kansa ta ce mutanen Santa Rita ba su da sana'a sai ƙarya. Da yamma ya shiga motarsa ya tafi shi kaɗai.

Muna komawa gida ta riƙe hannuna, tana ta dariya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ke dai ba ki da kirki. Me ya sa kika cinye duka, ko ɗanɗane ba ki ba ni ba?"

Ta ce, "Don ban gani ba, Hermelinda. In da sharri a ciki, cikina ya kamata ya shiga, ba na ɗana ba, ba na baƙin mutane ba. Amma ai kin ce fara ce."

"Fara ce tas."

"To shi ke nan. Na zauna."

Da gari ya waye ban ji tana zagin kajinta ba. Na tsallaka shinge na same ta a ƙasa kusa da gado, amai da gudawa sun wanke ta, leɓenta ya bushe. Na ce zan kira Crisóforo. Ta damƙe mini zani ta ce in na kira shi ba ni ba ita har a gaban Ubangiji. Na gyara ta, na yi ta ɗura mata ruwa da shayi yini guda, ina zaginta ina kuka.

Washegari ta tashi. Na rantse da Budurwa Maryamu ta tashi, na same ta tana sharar tsakar gida, ta ci wake, ta ce ya yi gishiri. Na ce meskal ne ya kayar da ke, tsohuwar banza, kin sha kamar direba. Muka yi dariya. Na je coci na kunna kyandir.

Kwana bai kai biyu ba na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ta fara kirana da sunan mahaifiyarta, tana tambayata ko Natalio ya dawo daga wurin katako. Ban sake neman izininta ba, na buga waya. Ko yau aka maimaita haka zan yi, kuma duk wanda ya ce da shi ne ba zai kira ba, maƙaryaci ne.

Crisóforo ya iso tun rana ba ta yi zafi ba. Ya ɗauke ta cak, ba ta da nauyi. A bakin ƙofa hankalinta ya ɗan dawo, ta gane me ake yi, ta kama dogarin ƙofar da hannu biyu. Ban san inda ta samu wannan ƙarfin ba. Yana cewa, "Inna, saki mana. Inna, don Allah saki." Ta dai riƙe. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na shiga bayan motar na ɗora kanta a cinyata.

A asibitin birni wani likita mai jajayen idon rashin barci ya tambaye ni abin da ta ci. Na gaya masa, na ce amma mun gwada da tafarnuwa, ba ta yi baƙi ba, ni na duba da idona. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Doña, tafarnuwa ba ta taɓa yin baƙi don wannan ba. Kowace damina sai an kawo mana mutanen dutse, kuma kowa abin da yake faɗa ke nan." Ya ce wancan sauƙin da ta samu ba sauƙi ba ne, a lokacin ne dafin ke cin hanta. Ya ce da mun zo ranar farko, wataƙila.

Crisóforo na tsaye a wurin. Bai tambayi wace laima ba ce. Baƙi sun ci daga kwando, ba wanda ko kansa ya yi ciwo, kuma ya san abin da ita kaɗai ta ci. Ya sani, na san ya sani. Ya jingina da bango ya zame har ƙasa, ya rufe fuskarsa da hularsa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Ba ta sake farfaɗowa ba. Ta cika da hantsi, a wani ɗaki mai gadaje jere, ana ta wucewa da keken magani.

Mazan Santa Rita suka sauko da motar katako ta gari, sun riga sun haƙa mata wuri kusa da Natalio, mata sun fara jiƙa masara don abincin makoki. Crisóforo ya ce ba inda za a kai ta. Shugaban kwamiti ya cire hula ya roƙe shi. Ni ban roƙe shi ba, zaginsa na yi a gaban mutane, na ce ka ɗauke ta da rai, ka bar mana gawar mana. Ya tsaya yana kallona kamar bai ji ba. Ɗanta ne, shi ke da iko. Motar ta koma ba kowa a bayanta.

Maƙabartar da ya zaɓa ba a tona ƙasa. Bango ne dogo mai ramuka jere, hawa-hawa, ana zura akwati a liƙe da siminti. Nata ramin yana can sama, sai da ma'aikata suka hau tsani. A bayan bangon babban titi ne, ƙarar motoci ta hana mu jin addu'ar fadan coci. Na ɗaga kai ina kallon mai siminti yana shafe bakin ramin da cokalinsa, har wuyana ya gaji.

Da aka gama Crisóforo ya zo ya tsaya kusa da ni, idonsa ya kumbura. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Yanzu dai tana kusa da ni, Doña Hermelinda. Duk Lahadi zan riƙa zuwa."